Idan Ka Ji Kamar Allah Yana Kiranka: Jagora Daga Shagon Wani Tela a Tawa

Kusan kowace shekara, galibi bayan taron matasa na lokacin hutu, sai wani yaro ya jira a tashi sujada, mutane su ragu, ya zo ya durƙusa gabana ya ce, "Baba, ina jin Allah yana kirana." Nakan ce, "Madalla, ɗana. Yana kiranka ka yi me?" A nan magana takan tsaya. Wani ya ce aikin Allah, wani ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da yatsa. Ba don in kunyata su nake tambayar ba. Ni ma na taɓa durƙusawa haka gaban wani tsoho, kuma na san zafin da ke cikin ƙirjin mutum a wannan lokaci na gaske ne.

Ni tela ne a nan Tawa, dattijo kuma a ikilisiyarmu. Abin da na rubuta nan shi ne abin da nake gaya wa waɗannan yara a shago, ina taka keke suna zaune kan benci. Na yi ta cewa "ka", amma 'ya'yana mata, maganar taku ce ku ma.

Mataki na farko: riƙe bakinka, buɗe kunnenka

Kuskuren da aka fi yi shi ne shela. Mutum ya ji motsi a zuciya daren Juma'a, kafin Lahadi ya baza a WhatsApp, ya ƙara "Bawan Allah" a gaban sunansa. Daga nan ko ya gane ba haka ba ne, kunya ba za ta bari ya koma baya ba. Ka dakata tukuna.

Dubi Sama'ila yana yaro. Sau uku ana kiransa yana rugawa wurin Eli, tsohon firist ɗin da yake renonsa, domin bai riga ya san muryar Ubangiji ba. Tsohon da idonsa ya dushe shi ne ya gane, ya koya masa abin da zai ce: Ubangiji ya yi magana, bawansa yana ji. Saƙon farko da aka ba shi mai nauyi ne, hukunci a kan gidan mutumin da ya rene shi. Da gari ya waye kuma sai ya tashi ya buɗe ƙofofin ɗakin Ubangiji kamar yadda ya saba kullum. Wannan ƴar aya ta 1 Sama'ila 3:15 ita ce na fi so a surar duka. Yaron ya ji muryar Allah da dare, da safe ya koma bakin aikinsa.

Ga yadda za ka yi. Ka sayi kaye, wato littafin rubutu, irin na 'yan lakkwal. A garinmu ba mai buƙatar agogo da asuba, kiran sallar maƙwabta yana tashin kowa. Kai ma ka tashi a lokacin, kafin gida ya cika da hayaniya. Ka ɗauki bisharar Markus, sura 16 ce kawai, ka bi ta a jere ba tsallake. Kowace safiya ka rubuta kwanan wata, da inda ka karanta, da abu guda da nassin ya ce ka yi yau. Abu guda, wanda za a iya gani da ido kafin rana ta faɗi. In ka gama Markus ka shiga Luka, sannan Ayyukan Manzanni. Ka yi haka wata uku. In lafiyarka ta yarda ka haɗa da azumin yini ɗaya a mako, amma mai ciki da mai shayarwa da mai ciwon suga kada su tilasta wa kansu, balle a tsakiyar bazara.

Mafarki fa? Allah ya yi magana da Yusufu mijin Maryamu ta mafarki, ban musa ba. Ka rubuta naka a kayen, ka sa kwanan wata, ka bar shi nan. Kada ka sayar da akuya ko ka ajiye aiki saboda mafarki ɗaya. Bayan wata uku ka sake karanta abin da ka rubuta tun daga farko. Abin da zumuɗin taro ya haifa yakan huce kafin nan. Wanda ya rage yana cin ka a rai, shi za mu duba.

Mataki na biyu: tone abin da ke ƙarƙashin kiran

Nan ne nake daɗewa da yaro, domin nan ne aka fi ruɗin kai.

Mu Adarawa mun san tafiya. Da an cire amfanin gona samari sun watse, wasu Abijan, wasu Libiya ko Aljeriya, wasu Yamai. Wanda ya rage a gida, ya faɗi jarrabawar BEPC ko bak, ba aiki, ba jari, abokai suna aiko hotuna da sababbin kaya, zuciyarsa tana neman mafita ko ta ina. A irin wannan hali yunwa tana iya yin murya mai kama da kira. Ba abin kunya ba ne mutum ya so abinci da mutunci. Abin da nake roƙo shi ne ka kira abu da sunansa a gaban Allah.

Ka zauna kai kaɗai ka amsa waɗannan a rubuce. In aikin nan ba albashi, ba moto, ba wanda zai ce maka Fasto har ka mutu, kana sonsa? In aka ce ƙauyen da ba wuta ba famfo za ka, masu bi gida uku ne, kana so? In aka ɗora ƙaninka a kanka, wanda kai ka koya masa karatu, za ka iya ɗaukar masa jaka? Sa'ad da kake hango kanka cikin wannan aiki, fuskokin mutane kake gani, ko kanka kake gani riƙe da makirfo?

In amsa ta fito ba kyau, kada ka yage takardar. Ka kai ta gaban Ubangiji yadda take. Almajiran Yesu kansu sun yi gardamar wane ne babba, har a daren jibin ƙarshe, kuma bai kore su ba.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda ba a cika magana a kansa ba. Wani kiran ya tabbata a kansa, kowa ya gani, amma shi sai "ni wa, ban iya magana ba, ban yi karatu ba". Ana ɗauka tawali'u ne. Musa ya yi ta kawo irin wannan hanzari a gaban kurmin da ke cin wuta, Allah yana amsa masa ɗaya bayan ɗaya, har Musa ya ce a aiki wani dabam, sai fushin Ubangiji ya yi ƙuna a kansa (Fitowa 4). Ƙin aiki da sunan ƙanƙantar da kai shi ma taurin kai ne, sai dai ya sa farar riga. Maryamu ta tambayi yadda abin zai yiwu, aka amsa mata, ta ce ita baiwar Ubangiji ce, ya zama mata yadda aka faɗa. Tambaya ɗaya ta yi, sannan ta miƙa wuya.

Mataki na uku: biya bashin biyayyar da ke kanka

Kafin ka nemi sabon umarni, akwai tsofaffi da ka riga ka sani ba ka yi ba. Jikka biyar ɗin da ka ranta wurin mai shago tun bara kana kauce wa hanyarsa. Ɗan'uwan da ba kwa gaisawa tun rabon gado. Yarinyar da kake yi wa alkawarin aure alhali ka san ba ka da niyya. Yesu ya ce in ka kawo baiko bakin bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna (Matiyu 5:23-24). Ka rubuta waɗannan a shafi guda, ka riƙa bin su kana sokewa. Bashin da ba za ka iya biya gaba ɗaya ba, ka je da ƙafarka ka faɗi gaskiya, ku yanka abin da za ka riƙa kawowa kowane wata. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Sarki Saul ya yi yawancin abin da aka umarce shi game da Amalekawa, ya rage kaɗan, ya ce ai don hadaya ya bar dabbobi masu kyau. Amsar Sama'ila ita ce biyayya ta fi hadaya (1 Sama'ila 15:22). Mu ma mun iya wannan dabara: mu bar abin da aka ce mu yi, mu ƙara yawan waƙa da kwanan addu'a.

A Tawa akwai wani gwaji da ba kowane gari ke da shi ba. Babbar kasuwarmu ranar Lahadi take ci. Mutanen ƙauye da safe suke shigowa da yadinsu da kuɗinsu, daidai lokacin sujada. Ba zan kafa wa kowa doka ba, kowa da nauyin da ke kansa. Amma na san abin da rufe shago da safiyar Lahadi ya ci mini a shekarun farko, na kuma san abin da ya koya mini. Wanda yake cewa zai bar kome saboda bishara, ya fara gwada kansa da cinikin awa uku.

Mataki na huɗu: kai maganar gaban ikilisiya

Yanzu ne lokacin magana. Kada ka tare fasto a bakin ƙofar majami'a yana gaisawa da jama'a. Ka nemi lokaci, ka same shi a gida, ka tafi da kayenka. In ke mace ce, ki tafi tare da wata uwa daga zumuntar mata. Ka faɗi abin da kake ji a taƙaice, ka faɗi har da abin da ka tono a mataki na biyu, sannan ka ce, "Baba, ku da kuka san ni, me kuke gani?" Ka yi shiru ka ji.

Dalilin wannan yana cikin Ayyukan Manzanni 13. Shawulu, wanda aka fi sani da Bulus, ya ga Ubangiji a hanyar Dimashƙu, ba wanda ya kai shi tabbacin kira. Duk da haka shekaru suka wuce, sai da ikilisiyar Antakiya tana sujada da azumi Ruhu Mai Tsarki ya ce a keɓe shi da Barnaba, aka ɗora musu hannu, aka sallame su. In wanda ya ga haske daga sama ya jira hannun 'yan'uwa, kai da ni ba mu fi ƙarfin jira ba. Mutanen da suka ga yadda kake da matarka, yadda kake riƙe kuɗin ƙungiyar matasa, yadda fuskarka take in an tsawata maka, suna ganin abin da kai ba ka gani.

Sau da yawa amsar ita ce "jira". Ka tambaya cikin ladabi: in jira har yaushe, kuma me zan gyara kafin nan? Ka rubuta amsar. Abin da kada ka yi shi ne ka tashi da fushi ka koma wata ikilisiya, ko ka kama hayar ɗaki ka buɗe taka. Mu da ba mu da yawa a ƙasar nan, kowace ɓaraka maƙwabta suna ganinta, kuma ita suke tunawa in an zo musu da maganar ƙauna.

Sai dai dole in faɗi wannan da babbar murya: biyayya ga shugabanni tana da iyaka. Bitrus da manzanni sun gaya wa majalisa cewa wajibi ne a yi wa Allah biyayya fiye da mutane. Duk shugaban da ya ce ka yi ƙarya, ko ka kawo kuɗi a saya maka albarka, ko ya ce ke yarinya ki zo addu'a ke kaɗai da dare kada ki gaya wa kowa, ba muryar Allah ce a bakinsa ba. Ki ƙi, ki kuma gaya wa dattawa biyu ko uku da uwayen zumunta. An cuci yara da dama da kalmar biyayya, abin yana mini ciwo, shi ya sa ba na koyar da ita ba tare da wannan gargaɗi ba.

Mataki na biyar: karɓi aikin da ke ƙasa

Zan ba ku nawa labarin. Ban daɗe da baftisma ba na gaya wa wani dattijo cewa ina jin kira. Ya yi murna, ya ce to ga ajin yara nan ƙarƙashin iccen dogon yaro ba malami, in kama. Na ce masa ɗinki ya yi mini yawa. Ƙarya nake, wa'azi nake so a gaban manya. Tsohon bai ce mini kome ba. Kowace Lahadi sai in gan shi da ciwon gwiwarsa yana zama kan tabarma da ƙyar, yara sun kewaye shi. Shekara biyu ina kallonsa ta taga. Sai da ya kwanta ciwo, yara suka zauna ba kowa, kunya ta fitar da ni. Na je gaishe shi na roƙi gafara, ya kama hannuna ya ce, "Ɗana, yaran ne suka jira, ba ni ba." Har yau ni nake riƙe da ajin, kuma shekaru biyun nan ba su dawo ba.

To kai ma ka tambayi abin da ba mai yi. Shara da jera bencina kafin mutane su zo. Cika randa a watan Afirilu da Mayu, lokacin da tsofaffi ke isowa maƙogwaro a bushe. Fassara daga Faransanci zuwa Hausa in baƙo ya zo. Karanta wa tsohuwar da idonta ya mutu Littafi Mai Tsarki a gidanta. Raka mara lafiya asibiti, da kwana wurinsa. Ka ɗauki ɗaya ko biyu, ka riƙe shekara guda cur ba fashi, ko an yaba ko ba a yaba ba. Istifanas da Filibus rabon abincin gwauraye aka fara ba su.

Tarihin bishara a ƙasarmu ma haka ya tafi. 'Yan mishan na wata ƙungiya mai suna SIM sun fara aiki a Damagaram a 1924. A jiharmu abin da kowa ya sani shi ne asibitin Galmi, wanda aka buɗe a 1950 a kan babbar hanya tsakanin Birnin Konni da Madawa, a jihar Maraɗi kuma akwai aikin kutare a Danja. Mutanen da suka fi yawa sun fara sanin Kirista ne ta hannun wanda ya wanke musu gyambo, tun kafin su ji wa'azinsa. Ubangijinmu da kansa ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, har da na wanda zai bashe shi.

Mataki na shida: gida

Yesu ya ce mai son gina soro ya fara zama ya yi lissafi. In kana da aure, matarka ba kaya ba ce da za a ɗora a mota. Ku zauna, ka gaya mata kome, har da batun kuɗi da makarantar yara, ka ba ta lokaci ta yi nata addu'a. In ta ce ba ta shirya ba, ka ɗauka wannan ma wani "jira" ne. Na ga gidajen da miji ya ja mata da ƙarfi zuwa aikin bishara, ɗacin bai bar gidan ba har yara suka girma suka guje wa ikilisiya.

Iyaye kuma hakkinsu bai faɗi ba. Yesu ya tsawata wa masu cewa abin da za su taimaki iyaye da shi sun riga sun keɓe wa Allah (Markus 7:9-13). Ka tsara wanda zai yi musu noma da damina, da abin da za ka riƙa aikawa. Da yawa cikinmu danginmu Musulmi ne. In naka haka suke, kada kiran ya sa ka ɗaga musu hanci. Ka je suna, ka je gaisuwar mutuwa, ka durƙusa wa kawunka yadda ka saba. In sun tambayi dalilin begenka ka amsa da tawali'u da bangirma, yadda 1 Bitrus 3 ya koyar. In ba su tambaya ba, halinka yana magana.

Ka riƙe sana'a a hannu. Bulus ɗinkin tanti ya yi a Koranti tare da Akila da Bilkisu. Yawancin ikilisiyoyin ƙauyukanmu baikonsu ba ya ciyar da iyali, wanda ya iya ɗinki, ko gyaran moto, ko noman albasa, ba zai zama kaya a wuyan masu bi ba, ba kuwa zai lanƙwasa wa'azinsa don mai kuɗi ba.

Mataki na bakwai: koyo, da karɓar amsa ko wace iri ce

In ikilisiya ta tabbatar kiranka na kiwon jama'a ne, ka yarda a tura ka makarantar Littafi Mai Tsarki, ko wadda ake koyarwa da Hausa ko ta Faransanci, gwargwadon karatunka. Ka bar su su zaɓa tare da kai, da wasiƙarsu za ka tafi.

In kuwa suka ce ba su ga fasto a cikinka ba, sun ga malamin lakkwal, ko ma'aikacin jinya, ko ɗan kasuwa mai gaskiyar mudu, kada ka ce an kashe maka kira. An nuna maka inda yake ne. A ranar 16 ga Janairun 2015 a Damagaram, da washegari a Yamai, aka ƙone majami'u da dama. Waɗanda suka share toka, suka kafa rumfa aka yi sujada, suka ce sun yafe, yawancinsu ba su da wani muƙami. Masu sayar da abinci ne, da direbobi, da 'yan makaranta. Akwai kuma maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kirista a gidajensu a ranakun nan, kuma irin wannan amana ba a yini ɗaya ake gina ta ba, shekarun zaman mutunci ne na masu bi na yau da kullum.

Mataki na takwas: ranar da aka aike ka

Wataƙila wurin da za a tura ka ba shi kake so ba. Yunusa ma jirgin Tarshish ya shiga da aka ce masa Nineba. Ka faɗi damuwarka a fili gaban dattawa, sau ɗaya, da dalilanka. In sun saurara suka ce duk da haka can ne, kuma ba saɓo a ciki, ka ɗaure kaya.

Da ka sauka, kafin kome ka je gaida maigari, ka sa wani ɗan gari ya raka ka. Ka gaida liman da tsofaffin unguwa. Kada ka fara da lasifika. Watannin farko na koyon sunaye ne, da sanin gonar wane ce wannan, da wa ke ciwo, da rijiyar da ake ɗiba. In ana gayya ka fito da hauyarka. Wanda ya riga ka aiki a wurin, ko ka ga kurakuransa, kada ka zage shi gaban jama'a, domin bakinsa ne ya buɗe ƙofar da ka shigo.

Kowane wata ka aika wa ikilisiyar da ta sallame ka labari, yadda Bulus da Barnaba suka koma Antakiya suka tara 'yan'uwa suka ba da rahoto. Ka sa har da abin da bai yi kyau ba: Lahadin da mutum huɗu kawai suka zo, da ranar da ka yi fushi da wani ka faɗi abin da bai kamata ba. Ka nemi dattijo guda da zai riƙa kiranka a waya yana tambayarka halin gidanka da na aljihunka, ka ba shi izinin tsawata maka. Kayen nan na asuba kuma ka sa shi cikin jaka tun daren tafiya, da sabo guda, domin ba kowane ƙauye ake sayar da shi ba.